Mai Aski da Malamin Kwas

Ba aski kaɗai Baba Mai Aski yake yi a shagonsa ba. Duk wanda ya hau kujerar nan mai juyawa, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, sai ya sauka da shawara, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ya sasanta ma'aurata yana riƙe da almakashi, ya hana mutane da yawa sayen mota mai matsala. Bakinsa ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta, nan ma zagin masu wutar yake yi.

A cikin 'ya'yansa, Auta ne ya kai kwaleji, kuma shi ne mai sauraronsa na gaske. Da yaron zai je ganawar neman aiki ta farko, Baba ya zaunar da shi a benci.

"In ka shiga, ka sunkuyar da kai. Kada ka kalli manya a ido. In sun ce me ka iya, ka ce kai dai mai koyo ne."

Auta ya bi maganar sau da ƙafa. Aka ce ya tafi, za a neme shi. Har yau ana nemansa.

A zangon ƙarshe kwalejin ta buɗe wani kwas na koya wa ɗalibai yadda ake neman aiki, Auta ya shiga. To, daga nan Baba ya shiga uku. Yaro ya dawo da magana ɗaya a baki: Malam ya ce. Malam ya ce a kalli mutum a ido. Malam ya ce a faɗi abin da aka iya ba tare da noƙe-noƙe ba. In shago ya yi sauƙi, sai Auta ya tsaya gaban babban madubin, ya gyara kafaɗa, ya miƙa wa kansa hannu yana murmushi.

"Kai, wa kake gaisarwa? Aljani?"

"Gwaji nake yi, Baba."

Baba ya ja tsaki ya kakkaɓe burushi. Ya taɓa ganin malamin nan sau ɗaya: ɗan saurayi siriri da jaka a kafaɗa, ko furfura ɗaya babu. Wai wannan ne zai koya wa ɗansa zaman duniya! Abin da ya fi ci masa rai shi ne kwas ɗin yana aiki. 'Yar mai shagon magani ta samu aiki, ɗan direban bas ma ya samu, kuma duk a kujerarsa ake kawo masa labarin.

"Kishi kake yi," in ji matarsa.

"Ni? Da wannan yaron?"

Kishin kuwa yake yi, har cikin ƙashi. Ranar da Auta ya tafi ganawa ta biyu, Baba ya yi masa addu'a da baki, amma can ƙasan zuciyarsa wani abu yana cewa, da ma a sake cewa za a neme shi, ya dawo benci. Ya yi istigfari, tunanin ya sake dawowa.

Da rana tsaka yana gyara wa wani tela ƙeya, sai ga Auta a ƙofa, gumi ya jiƙa rigar, yana haki.

"Baba, na samu! Sun ɗauke ni!"

Baba ya kashe injin askin. Idonsa ya ciko. Ga waya a aljihun yaron, amma ya ratso gari da ƙafa don ya faɗa masa da bakinsa. Ya dubi tela, ya dubi masu jiran layi, ƙirjinsa ya buɗe.

"Kun gani ko? Bai bugo waya ba. Wurin ubansa ya fara zuwa."

Auta ya yi dariya yana share goshi.

"Ai da bugowa zan yi, Baba. Da na kira Malam na gaya masa, sai ya ce in zo da kaina, za ka fi jin daɗi."

Baba ya ce Allah ya yi albarka, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya kunna injin, ya dafa kan tela ya sunkuyar da shi fiye da yadda ake buƙata.