Wutar Da Ake Ɗaukewa A Turmi Na Uku

Wata rana wani saurayi ya sauka a tashar garinsu da jaka ɗaya da kwalaye biyu.

Mu kira shi Lawwali.

Ranar da ya bar gida cewa ya yi zai dawo kafin babbar sallah. Sallolin da aka yi babu shi, shi kansa ya daina tunawa. Daga Agadas ya nausa gaba, ya yi leburanci, ya yi wankin mota, daga ƙarshe ya koyi haɗa wutar sola a wani gari na bakin teku.

Irin mutanen nan ne da zama ke yi wa ƙaiƙayi. Ko shayi a tsaye yake sha.

Ya yi sallama a tsakar gida. Inna ta saki muciya cikin tukunya. Ƙanwarsa Murja, wadda ya bari tana firamare, ta fito daga ɗaki ta zama budurwa, har sai da ya ɗan yi jim kafin ya kira sunanta.

Baba yana falo a kan kujera.

Isiya Ƙarangiya ke nan. Tsohon ɗan dambe, mahaucin da a da yake saɓa cinyar sa a kafaɗa kamar ya ɗauki buta. Yanzu ƙafafu sun daina ɗaukarsa.

Lawwali ya durƙusa.

"Baba, na dawo."

Tsohon ya dube shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, malam. Murja, a kawo wa baƙo ruwa."

Ciwon mantuwa ne. Inna ta sha faɗa masa a waya cewa jikin Baba sai a hankali. Shi kuma ya sha cewa, "Allah ya ƙara sauƙi, ina nan tafe."

To, ga shi ya taho.

Abu ɗaya ne bai ɓace wa Baba ba. Kullum bayan la'asar, in akwai wuta, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A sa mini wasan."

Wani tsohon kaset ne na bidiyo. Makaɗinsa na da ne ya tsinto shi a shagon masu sayar da kaset, ya kawo masa bayan ciwon ya kama shi. Dambensa ne na ƙarshe, shi da wani dogon yaro ɗan Kudu.

Murja za ta hure bakin kaset ɗin, ta tura shi cikin tsohuwar bidiyo, talabijin mai ƙeya ta ɗauka. Hoton na rawa, kalar ta koɗe, amma kalangu na fita tar.

Da an buga kirarinsa, sai Baba ya miƙe zaune.

Kafaɗa ta motsa. Hannun dama ya dunƙule. Bakinsa na bin makaɗi kalma bayan kalma, mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana.

Turmi na ɗaya.

Turmi na biyu.

Lawwali bai taɓa kaiwa na uku ba. Kafin nan ƙafarsa ta fara kaɗawa, waya ta yi ƙara, ya fita ƙofar gida. Daga can sai ya jiyo muryar Inna:

"Ayya, Malam, an ɗauke wuta."

Sai muryar Baba:

"Kai! Mutanen nan ba su da imani. Da kun ga yadda na yi da yaron nan!"

Ranar farko haka. Washegari haka. Kwana na gaba ma haka.

Lawwali bai tambayi kowa komai ba. Abin da ya gani kawai shi ne, ga wani abu ɗaya da hannunsa zai iya gyarawa a gidan nan.

Ya gwada komai ai. Ya nuna wa Baba tabon da ya ji a goshi ranar da ya faɗo daga katanga. Ya tuna masa sunan akuyarsu ta da. Ya sayo masa kilishi daga wurin tsohon yaron shagonsa. Baba ya ci, ya yi godiya, ya ce da Inna, "Baƙon nan yana da kirki. Ɗan gidan wa ne?"

Sai Lawwali ya ce a ransa: in na ba shi ƙarshen wasan nan, in ya ga nasararsa da idonsa ina zaune kusa da shi, wataƙila wani abu ya buɗe. Wataƙila ya waiwayo ya kira sunana.

Sunan kawai yake so. Sau ɗaya.

Ran da Inna da Murja suka tafi gaisuwar rasuwa a unguwar gaba, ya buɗe kwalayen nan. Ya hau rufi ya kafa sola, ya ajiye batir a lungu. Ya cire wayar talabijin da ta bidiyo daga tsohon layi, ya haɗa su kai tsaye da batir.

Da suka dawo ya nuna musu fanka na juyawa. Zancen talabijin kuwa ya yi shiru, yana so ya ba su mamaki.

La'asar ta yi.

"A sa mini wasan."

Yau Lawwali ya kashe wayarsa. Ya zauna a ƙasa, daidai gefen kujerar Baba.

Turmi na ɗaya.

Turmi na biyu.

Aka shiga na uku. A cikin hoton wani mai rake ya gilma ta gaban kyamara da dami a ka.

Yana gilmawa Murja ta tashi sumui-sumui, ta shige ɗakin Inna.

Lawwali ya ji ƙarar makunni. Ƙas.

Talabijin ba ta mutu ba.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Murja ta leƙo, ido waje.

Lawwali ya yi murmushi. "Baba, yau ba mai ɗauke mana wuta."

Inna ta miƙe tsaye, zaninta na neman kwancewa.

"Lawwali, kashe! Kashe shi, don Allah!"

A nan ya gane. Wutar gari ba ta taɓa ɗaukewa a turmi na uku ba. Murja ce. Mai raken nan shi ne alamarsu.

Ya yunƙura zai kai hannu.

Baba ya cafke masa wuyan hannu.

Jama'a, ƙafa ta tafi, tunani ya tafi, amma hannun ɗan dambe yana nan. Lawwali, ƙato da shi, ya kasa motsi.

"Bar shi, malam. Yanzu za ka ga aiki."

Suka ga aiki.

Dogon yaron ya yi kamar zai ja da baya. Ƙarangiya ya bi shi. Naushi ya fito daga ƙasa, ya sami Ƙarangiya a muƙamuƙi.

Ya tafi gaba ɗaya, kamar an sare bishiya.

A dambe wannan shi ake kira kisa.

Lawwali bai taɓa sani ba. Abin da ya tashi ya tarar shi ne Baba ya bar dambe ya koma teburin nama. Ba wanda ya taɓa faɗa masa dalili, Baba kuma bai taɓa ɗaga zancen ba.

Sau ɗaya kaset ɗin ya taɓa kaiwa nan, ranar da aka kawo shi. Ran nan Inna ta fizge waya daga bango tun kafin ƙurar faɗuwar ta lafa, Baba kuma ya ƙi abinci har washegari. Tun daga lokacin ake ɗauke wuta.

Yanzu ga Baba yana kallon kansa a kwance, kamar yau abin ya faru.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa. Ba kuka ba ne irin wanda ka sani. Inna ta juya ta fuskanci bango.

Kaset bai tsaya ba.

Wannan ɓangaren, duk gidan ba wanda ya taɓa ganinsa.

'Yan kallo suka ɓarke cikin fage, suka ɗaga dogon yaron sama. Makaɗa suka bi su. Mai kyamara ya bi su shi ma, sai kuma, Allah kaɗai ya san dalili, ya juyo.

Ga Ƙarangiya kwance shi kaɗai.

Sai ga wani ɗan mitsitsin yaro ya kutso ta tsakanin ƙafafun mutane. Rigarsa ta yi masa yawa. Takalmi ƙafa ɗaya.

Ya zauna a kan ƙasa wajen kan mutumin. Ya kama bakin rigarsa yana share masa fuska. Sannan ya kama hannun nan da aka naɗe da zare, da hannuwansa biyu, yana ja. Yana ja. Wai shi zai tayar da shi.

Sautin da ke fita daga ƙirjin Baba ya tsaya.

"Lawwali!"

"Na'am, Baba!"

Ya amsa tun kafin ya san ya amsa.

Baba bai waiwayo ba.

Da talabijin yake.

"Lawwali, bar shi, za ka ji ciwo. Wa ya kawo ka nan?"

Lawwali ya zagayo gabansa, ya durƙusa, ya tare hoton da jikinsa.

"Baba, ni ne. Ni ne yaron nan. Ga ni."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Ya dubi gemun, ya dubi tabon goshi.

"Allah ya yi maka albarka, malam, ka gyara mana wuta. Amma nawa bai kai ka ba. Matsa in gan shi."

Ya matsa.

Hoton ya yi rawa, ya koma yayyafi. Kaset ya ƙare, Ƙarangiya na kwance, yaro na ja.

Baba ya sake kama hannunsa, wannan karon a hankali.

"An ce kai matafiyi ne."

"Haka ne, Baba."

"Ɗana ya ga na faɗi, shi ya sa ya tafi. In ka haɗu da shi a can inda kuke yawo, ka ce masa na tashi. Ka ji? Ka ce masa na tashi, ya dawo."

Lawwali ya buɗe baki.

Me zai ce? Cewa ba don haka ya tafi ba? Cewa ko ranar ma bai tuna ba? Wa zai faɗa wa?

"Zan gaya masa, Baba."

Washegari Baba ya farka bai san an yi ba. Ya sha kokonsa, ya tambayi Inna ko baƙon nan ya karya.

Lawwali ya ɗauko sukundireba, ya mayar da wayar talabijin ta bi ta makunnin ɗakin Inna, yadda take a da.

La'asar ta yi.

"A sa mini wasan."

Turmi na ɗaya. Turmi na biyu. Murja ta yunƙura, ya ce mata, "Zauna. Ni zan je."

Ya shiga ɗakin, ya ɗora yatsa a kan makunni.

Ku duba inda yake tsaye.

In ya bar kaset ya wuce, Baba zai sake faɗuwa, sabuwar faɗuwa, da zafinta gaba ɗaya. Amma a bayanta zai kira sunansa. Duk duniya nan ne kaɗai wurin da ya rage da zai ji "Lawwali" daga bakin mahaifinsa.

In ya kashe, Baba zai kwana yana gwarzo. Shi kuma ya kwana yana baƙo.

Inna na bakin ƙofa tana kallonsa. Ta gaji da yanke wannan hukuncin ita kaɗai.

Daga falo kalangu ya ƙara zafi. Mai rake ya gilma.

Ƙas.

Shiru.

Ya fito. Mutumin da ya ƙetare sahara ya koyo yadda ake hana wuta ɗaukewa, shi ne ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce:

"Ayya, Baba, an ɗauke wuta."

"Kai! Mutanen nan ba su da imani." Baba ya girgiza kai, ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Da ka ga yadda na yi da yaron nan, malam."

"Na ji labari, Baba."

Har yau haka suke yi. Abokan tafiyarsa na kira, wai hanya ta buɗe. Jakarsa na nan bayan ƙofa, bai gama kwance ta ba, bai kuma ɗaure ta ba. Ƙafarsa na kaɗawa tun daga turmi na ɗaya.

Amma yana zaune har mai rake ya gilma.

Darasi:

Muna tafiya muna cewa gida na nan. E, ginin na nan. Amma wanda zai gane fuskarka ba ya jira har abada, kuma ba mutuwa kaɗai ke ɗauke shi ba.

Ni ma ban daɗe da dawowa ba, kuma na san yadda hanya ke kiran mutum. Shi ya sa nake faɗa maka: in har yau ka yi sallama mahaifinka ya amsa da sunanka, kana da abin da Lawwali ya dawo nema bai samu ba.

In kuma ka dawo ka tarar da wani abu a gida da kake ganin gyara yake so, tambayi waɗanda suka zauna kafin ka ɗauko kayan aiki.

Tura wannan ga ɗan'uwan nan da kullum yake cewa "ina nan tafe." Ka san shi. In kai ne shi, kira gida kafin ka wuce zuwa rubutu na gaba.