Cajin Wayar Surukin Alhaji

Har gobe ban manta da ranar kasuwar nan da surukin Alhaji Sabo ya shigo shagonmu da 'yar wayarsa a hannu, yana neman inda zai sa caji. Ku da kuke ganin na toshe ramukan kwamfutar nan da gam, kuke cewa Oga Habibu rowar wuta gare shi, ku matso ku ji dalili. Na san kuna faɗa in na juya baya, ba sai kun sunkuyar da kai ba.

Kafin in buɗe wannan wuri, a shagon Alhaji Sabo nake aiki a nan Rano. Shi ne mai shago, akwai teloli masu yanka da haɗi, ni kuma keken kwamfuta ne a hannuna. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: ana zana adon riga a cikin kwamfuta, a nuna wa allura duk inda za ta bi, sai a zuba zanen a filash a kai wa keke, keke ya ɗinka shi a kan shadda. Keken ba shi da wayo ko na anini. Abin da aka ba shi kawai yake yi, saboda haka dukiyar shago ba ƙarfen nan mai ƙara ba ce, zanukan da ke cikin kwamfuta ne.

Mafi kyawun zanukanmu na Malam Isiyaku ne, wani dattijo daga Tarai a ƙasar Kibiya, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana aikin hannu a kan manyan riguna. Da idonsa ya fara dushewa, sai ya riƙa zano mana ado a takardar buhun siminti, ni kuma ina shigar da su kwamfuta. Na ƙarshen da ya zana kafin ganinsa ya tafi gaba ɗaya, shi ne ya ce ba na sayarwa ba ne. Aska takwas ce, amma ya karkatar da ita wata irin karkata da ban taɓa gani a wuyan kowa ba. Ya ce a ajiye, kada a ɗinka wa kowa sai autansa ranar da zai angwance. Na gwada kusurwa ɗaya kawai a kan ƙyalle kamar tafin hannu, ya shafa, ya yi murmushi, ya zura a aljihu. Da ya nemi a mayar masa da takardarsa, Alhaji ya yi dariya ya ce, “Haba Malam, ai abin da ya shiga kwamfuta ko gobara ba ta cinsa.” Takardun nan duka, daga baya na tarar an ba mai ƙosan ƙofar shago tana naɗi da su.

Ana nan sai wata sanarwa ta fara fitowa a allon kwamfutar. Kamfanin da ya yi babbar manhajar, wato wadda ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya, ya ce ya zare hannunsa daga irin tamu, ta tsufa. A da, duk lokacin da aka gano wata kafa da ɓarayi ko bairos za su shiga, kamfanin kan aiko da abin toshewa. Kamar katangar ƙasa ce da ake yi wa yaɓe duk damina. In mai yaɓen ya ce ya daina zuwa, katanga ba ranar za ta faɗi ba, amma duk tsagar da ta buɗe haka za ta zauna. Mafita ita ce sabuwar kwamfuta, da kuma sabuwar manhajar zane, domin tsohuwar tamu ba ta zama a kan sabon tsari.

Na sami Alhaji na yi masa bayani dalla-dalla. Ya kalle ni ta saman tabarau.

“Ta daina kunnuwa ne?”

“Tana kunnuwa, Alhaji.”

“Ta daina ɗinki?”

“Tana yi.”

“To kai Habibu, lafiyayye ake kaiwa asibiti? Turawan nan so suke su sayar da kayansu, kai kuma ka zama dillalinsu.”

A cikin watan nan fa ya kafa sabon allo a ƙofar shago, mai fitilu ja da kore suna walƙiya, an rubuta Ɗinkin Kwamfuta na Zamani. Zamani! Ya sayo wa kwamfutar fanka tata ta kanta, ya sa aka ɗinka mata mayafi na karan-miski har da geza. Duk abin da ido zai gani a yaba, Alhaji ba ya jin nauyinsa. Wanda ido ba ya gani kuwa, hannun jarirai gare shi.

Na ce to, ko ma'ajiya ta biyu a saya mini, in kwafe zanukan in ajiye a wani wuri daban. Nan ma ya harare ni. “Wato ka kwashe mini zanuka ka je ka buɗe naka shagon ko?” Wallahi maganar ta yi mini ciwo, amma na haɗiye. Shi ke nan kwafin da muke da shi sai wanda ke cikin filash ɗin shago, shi kuma doka ce ya kwana a jikin kwamfutar, a kulle su tare.

Maimakon sabuwa, sai ya samo wani mutum daga Kano da ke kiran kansa Injiniya. Jaka ce da shi, a ciki da sukundireba biyu da buroshin goge ƙura. In ya zo sai ya buɗe bayan kwamfutar, ya hura, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga babbar cuta, ya ci shinkafa da kaza, ya karɓi kuɗin mota da na aiki. Yau fanka ta ciki ta mutu, gobe wani allo ya ƙone, kayan kuma ba a yin sababbinsu, sai dai a kwanto daga gawar wata kwamfutar. Ga nawa wajen tashi. In na kunna ta da safe, sai in je in karya in dawo tana nan tana tunani. Aikin Sallah da muka mayar saboda jinkirinta, da abin da Injiniya ya ci a jikinmu, da an haɗa, da tuni an sayi sabuwa an huta. Amma da yake kaɗan-kaɗan yake fita, Alhaji gani yake riba yake ci.

Da na ga ba sarki sai Allah, na kawo shawara ta ƙarshe. Na ce tunda ba mai toshe mata kafa, to a sa ta a kulle. Ba za ta hau intanet ba, ba filash ɗin kowa sai na shago, kuma ba wayar da za a jona mata ko ta waye. Wannan ta yi wa Alhaji daɗi, don kyauta ce. Shi da kansa ya tara teloli ya kafa dokar. Kun san shagon yana da sola, garin kuma wuta sai an ga dama, saboda haka ranar kasuwa kowa da wayarsa yake zuwa. Na ga Alhaji ya kori ɗan acaɓa, ya kori mai rake, har wani telanmu ya kusa rasa aikinsa don ya kai hannu kusa da ramin. In talaka ne, Alhaji ya iya riƙe doka.

Sai ranar da nake ba ku labari. Bayan Babbar Sallah ne, damina ta yi nisa, bikin autan Malam Isiyaku saura kwanaki kaɗan, shaddarsa fara sol tana rataye a shago an riga an yanka. Sai ga Alhaji Bawa daga Zinyau, mahaifin matar Alhaji. Dattijon kirki ne, manomi, ba ruwansa, ni ban taɓa ganin laifinsa ba. Wayarsa 'yar ƙarama ce, memorinta cike da wa'azi da aka tura masa a rumfar masu turi, inda waya ɗari ke shiga kwamfuta ɗaya a yini. Ya zo da igiyar caji, ya manto kanta a gida.

Alhaji Sabo ya zube ƙasa yana gaisuwa, kansa a sunkuye. Na yi wuf na ciro kan cajata na ce, “Baba, kawo in sa maka a bango.”

Ya ce, “A'a ɗan nan, kada ka cire taka. Ai wannan ma tana ba da wuta, haka jikana yake yi.” Ya nuna kwamfutar.

Na matsa kusa da Alhaji na rage murya. “Alhaji, dokar fa.”

Ya watso mini wani kallo. “Baba ne fa, Habibu.”

Da hannunsa ya ɗaga mayafin karan-miskin, da hannunsa ya jona. Kalma ɗaya ce ta gagare shi. Da ya ce, “Baba, ta bango ta fi sauri,” dattijon nan zai ce to, magana ta ƙare. Amma wai kunyar suruki. Kamar bairos ya san suruki!

Washegari na kunna, ta yi tunaninta ta buɗe. Sunayen zanukan duk sun koma wasu harufa marasa kan gado. Na danna na farko, ya ƙi. Na biyu, ya ƙi. Na duba filash, shi ma haka, tunda tare suka kwana. Na ruga wajen keke, don yana riƙe 'yan zanuka a cikinsa, sai na tarar bajen rigar 'yan makaranta ne kawai a ciki, aikin da muka yi a makon. An kira Injiniya, ya zo ya hura ƙura, ya girgiza kai, ya ce sai dai a goge komai a fara daga farko, ya ci kazarsa ya tafi. Na ɗauki ma'ajiyar kwamfutar na kai Kano wajen waɗanda suka san aikin da gaske. Suka duba suka ce in yi haƙuri.

Sauran zanukan da sauƙi, ana iya aro rigunan da muka ɗinka wa mutane a sake bi. Na autan Malam ne babu shi a wuyan kowa. Na ce wa Alhaji mu je mu faɗa wa dattijon gaskiya. Abin da ya fito daga bakinsa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Cewa ya yi, “A samo wata aska takwas a Kano a buga masa. Ai ba gani yake ba.”

Na ce zan ɗinka, tunda ango ba zai fita ba riga ba, amma in Malam ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce in dai wannan ne, shi zai yi magana.

Muka tafi Tarai da rigar. Muka sami Malam a zaure a kan tabarma, autansa a gefe. Ya shimfiɗa rigar a cinya, ya fara bin ta da yatsu daga wuya, a hankali, ya gangaro aljihu. Sai ya tsaya. Ya ciro ƙyallen nan daga aljihunsa, ya shafa shi, ya koma ya shafa rigar.

“Habibu, kana nan?”

“Ina nan, Baba.”

“Wannan nawa ne?”

Alhaji ya yi caraf, “Naka ne mana, Malam, keken ne ya ɗan...”

“Habibu nake tambaya.”

Na ce, “Ba naka ba ne, Baba. Naka ya lalace a cikin kwamfuta.”

Sai ya ce, “To ba komai, a ɗauko takardar a sake shigarwa, ko bayan biki ne ya sa.”

Wa zai buɗe baki ya ce masa an naɗe ƙosai da ita? Shirun ne ya ba shi amsa. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Alhaji ya ce, “Ai kai ka ce mini ko gobara ba ta cinsa.” Alhaji ya hau borin kunya, wai ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa da abin da aka rubuta masa. Malam ya ninke rigar ya miƙa wa ɗansa ya ce, “Sa abarka, riga ce.” Sannan ya miƙo mini ƙyallen ya ce in ɗinke shi a cikin aljihun, ta ciki, inda ba mai gani. A zauren nan na ari allura na ɗinke shi da hannu, idona yana kawo ruwa.

Alhaji dai ya sayi sabuwar kwamfuta, ya sayi sabuwar manhajar zane, duk abin da ya guda ya biya, ga asarar da ba ta sayuwa a sama. Surukin kuwa ba wanda ya gaya masa abin da ya faru, don Alhaji ya hana. Wata ranar kasuwar ina zaune sai ga shi ya sake shigowa da igiyarsa, yana yaba sabuwar kwamfuta, Alhaji kuma ya miƙe yana ɗaga mayafi. A makon na ajiye aikin.

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi. Tsohuwar kwamfutar da masu ita suka sake ta ba kyauta take zama ba. In ba ka biya da kuɗi ba, za ka biya da tsare doka kullum, a kan kowa, mu kuwa mutanen nan dokarmu tana ƙarewa ne a inda babban mutum ya yi sallama. Shi ya sa ban dogara da bakina ba, na sa gam. Ko surukina ne ya zo, in na ji kunya, gam ba ya ji. Autan Malam har yau yana sa rigar nan ranar Juma'a, kuma duk abin da ya rage a duniya na zanen ubansa na ƙarshe bai wuce tafin hannu ba, yana cikin aljihu.