Randar da Na Rufe wa Baki

Ɗiyata tana koyon tsayuwa lokacin da na shiga ajin kwamfuta, shi ya sa ba na tuna ɗaya ban tuna ɗayan ba. Ajin yana wani ɗaki bayan kasuwa, na mata ne zalla. Ni ko firamare ban ƙarasa ba. Maigidana, da ke kabu-kabu a hanyar Mahuta, shi ya matsa in je, wai ya gaji da ganin ina zanen furanni a bayan kwalin sabulu. Na tafi da zaton rubutu za a koya mana. Ashe gini ne. Ki ƙera abu cikin kwamfuta, ki juya shi ki ga bayansa da gindinsa, ki kunna masa fitila, sannan na'urar ta wanke miki hotonsa kamar an ɗauka da kyamara.

Malamarmu 'yar bautar ƙasa ce, Hausarta na ɗan karkacewa amma ana fahimta. Tun farko ta gaya mana kwamfutocin ba su isa ba, kuma akwai masu jiran layi. Wadda ta iya ƙera abu ɗaya na cikin gida har ya fito sosai za ta zarce, wadda ta kasa ta ba wata kujera. 

An haɗa ni kwamfuta ɗaya da wata mata 'yar Dirin Daji da ta girme ni. Ina ce mata Yaya, ita kuma Mai goyo take kirana. Ta zaɓi bokiti, ta ce shi ba ya da wuyan sha'ani. Ni na zaɓi randa, don ita na fi sani.

Ashe ban san ta ba. Sai da na fara jan ɗan akwatin da ake fara ƙira da shi a allon kwamfutar, ina kumbura shi, ina matse masa wuya, na gane ban taɓa kallon randarmu da kyau ba. Na koma gida na tsuguna gabanta. Ta ɗan kwanta gefe guda. Leɓenta ya kai kaurin babban yatsana. Akwai duhun danshi daga cikinta zuwa ƙasa, inda ta nutse cikin yashi. Tawa ta allo kuwa tana reto a iska kamar balan-balan, har sai da na tara mata yashi a gindi, na karkata fitila inuwa ta kwanta. Hoton farko da na wanke baƙi ƙirin ya fito. Na ɗauka na lalata kayan mutane, sai Yaya ta leƙo ta ce ai fitilar na tura cikin randar.

Rarake cikin shi ya fi ba ni wuya. Malama ta ce baki da ciki za ta duba, don nan ake gane wadda ta koya. In na rarake, leɓen ya zama siriri kamar takarda, ko gindin ya huje. Na yi ta yi da goyo a baya, ina jijjiga ta da kafaɗa, har wata rana cikin randar ya zauna daidai.

A cikin kwanakin ne na fito daga madafa na tarar da ɗiyata ta dafa randa ta miƙe, haɓarta a kan leɓen, tana leƙen fuskarta a ruwa. Wani ya sha bai rufe ba. Na sure ta, na zauna a ƙasa na rungume ta. Ba abin da ya same ta, dariya ma take yi. Amma daga ranar ko'ina na shiga idona na kan murfin randa.

Da na koma aji na ga tawa a allo baki buɗe, sai na ji ba zan iya kallonta ba. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ƙera faifai na ɗora mata, na kife moɗa a kai, hankalina ya kwanta.

Ranar dubawa Malama ta tsaya bayana ta dubi allon. Sannan ta ce ta sha ganin masu ɗora murfi don sun kasa rarake ciki.

"Me kika ɓoye a ƙasan wannan?"

Na ce, "Malama, ai ba a barin randa a buɗe."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Yaya ta zungure ni ta ce, "Mai goyo, tsoro kike kar ɗiyar taki ta faɗa cikin kwamfuta?"

Ni ba dariya a raina, kujerata nake gani tana tafiya. Malama ta ce in ɗaga faifan ta gani. Na kama maus, abin nan da muke jan kaya da shi a allo. Na ɗaga. Bakin ya bayyana, da kaurin leɓensa, da duhun cikin yana gangarawa har ƙasa. Ta karɓi maus ɗin ta juya randar, ta leƙa ciki kamar mai duba ko ruwa ya ƙare. Ta ce in jingine faifan a gefe in wanke hoto.

Hoton ya rinƙa fitowa gutsure-gutsure, daga dishi-dishi yana washewa. Haske ya sauka a leɓen, ya ɗan shiga ciki ya tsaya. Yaya ta ce wallahi har ta ji ƙishirwa.

Malama ta dafa kafaɗata ta ce ranar Litinin za mu fara koyon zuba ruwa a ciki, kar in makara.

Na jira ta wuce wurin ta gaba. Kafin in ajiye aikin, na mayar da faifan inda yake, na kife moɗa.