Merab Dau, Mai Duba Ƙofofi

A ranar Asabar, 11 ga Agusta 2012, a cikin kwale-kwale mai inji tsakanin tsibirin Waiben da tsibirin Nurai, abin da ke jakar Merab Dau shi ne: fom na bincike guda uku, biro biyu, ma'aunin zafin ruwa, sukundireba, gorar ruwa, da burodi rabi. Babu tsaraba ga kowa. A tsibiranmu wanda ya tafi gida ba tsaraba ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. Ga tarihinta daga farko.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Merab a Nurai, a mashigin tekun Torres da ke arewacin Ostareliya, ranar 3 ga Mayu 1958. Mahaifinta Asai Aniba mai nutso ne a jiragen neman lu'ulu'u, mahaifiyarta Naina kuwa manomiyar rogo da dankali ce. Su biyu iyayen suka haifa, ita da ƙaninta Gideon, wanda aka haifa a 1963 da shanyewar ƙafafu, bai taɓa tafiya ba sai rarrafe. Merab ce ke goya shi zuwa bakin teku da coci har ta kai shekara goma sha uku.

Karatu

A 1971 ta sami gurbin karatu a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Charters Towers, tafiyar kwana huɗu a jirgin ruwa da jirgin ƙasa. A watan Yuli 1974, ranar da ruwan teku ya janye sosai, Naina ta fita tsintar kifin ɓawo, wato dodon-koɗin teku, ta ɗaure ƙofar ɗaki daga waje da igiyar fatsa don kada Gideon ya rarrafa zuwa ruwa, kamar yadda iyaye mata suka saba yi. Wuta ta tashi daga murhu. Wasiƙar rasuwar Gideon ta iso wa Merab bayan mako uku, an daɗe da yin jana'iza. Ba wanda ya ga laifin Naina, kuma ba a sake ta da maganar ba. Merab ta kammala sakandare a 1975, ta yi karatun jinya a Brisbane, ta dawo a 1980 da takardar shaida da irin maganar mutanen kudu, wadda tsofaffi suka yi ta yi mata dariya a kai har ta tsufa.

Aure da iyali

A 1983, tana aiki a asibitin Waiben, ta auri Elikiam Dau, shi ma ɗan Nurai. Daga ranar ta shiga ƙarƙashin ƙa'idoji biyu da kowa ya sani a wurinmu. Na farko, suruki ba ya ambaton sunan surukinsa, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Na biyu, idan mutum ya rasu, ba danginsa na jini ne ke yi masa sutura ba. Surukai ne ke wanke shi, su haƙa kabari, su ɗauke shi. Wanda ya ɓata da surukansa ya san wa ya rasa. Babban yayan mijinta, Simeon Dau, Yaya take kiransa, shi kuma yana ce mata matar ƙanina. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Elikiam ya rasu a teku a watan Janairu 2001, ba a ga gawarsa ba.

Aikin duba gidajen hutu

A 2004 gwamnatin jiha ta naɗa ta jami'ar binciken gidajen hutun nakasassu na arewa mai nisa, wato gidajen da iyali ke kai ɗansu nakasasshe ya yi kwana uku ko mako biyu domin mai kula da shi ya sarara. Gidaje goma sha ɗaya ne a hannunta. Tana duba akwatin magani, zafin ruwan wanka, hanyar fita idan gobara ta tashi, yawan ma'aikata, da bayan waɗanda ke daɗewa a kwance. Ba ta cin abinci a gidan da take bincike. Tana durƙusawa daidai tsawon keken guragu ta tambayi mai keken da kansa, kuma ba ta wuce ƙofa ba tare da ta shafa gefenta na waje da babban yatsa ba. Mutane suka sa mata suna Gwamnati.

Ɗaya daga cikin gidajen yana Nurai, mai gado shida, shi kaɗai ne a duk tsibiran waje, kuma Simeon ne shugaban kwamitinsa. Doka ta ce binciken na ba-zata ne, amma a Nurai babu ba-zata. Mai sayar da tikitin jirgin sama ɗan'uwa ne, kuma baƙo dole ya fara zuwa gaida tsofaffi, ya sha shayi, ya ci dankali da madarar kwakwa, abin da ke cin awa biyu. A 2010, da kuma 2011, yatsanta ya taɓa ramukan ƙusa huɗu a kowace ƙofa, an cike su da sabulun da bai gama bushewa ba, alamar an cire sakata kafin ta iso. Ta rubuta gargaɗi sau biyu.

Al'amarin 2012

Ranar da ta zaɓa ta shiga kwale-kwale, ranar bikin buɗe dutsen kabarin wani dattijo ce, duk tsibirin yana maƙabarta da wurin walima. Ta sauka da hantsi, ba ta gaida kowa ba, ta wuce kai tsaye. Ba ma'aikaci ko ɗaya a gidan. Ɗakuna uku a rufe da sakata daga waje. A na farko akwai Lila Gaidan, mace mai shekara talatin da huɗu, zaune a kekenta tana kallon bango.

"Inna Gwamnati," in ji Lila, "ke ma ba a gayyace ki ba?"

"Ba a gayyace ni ba. Tun yaushe aka rufe ku?"

"Tun kafin a fara ganga. Sun ce za su kawo mana naman kunkuru. Bara ma haka suka ce, ƙashi na gani."

Tana cire sakata ta uku da sukundireba sai Simeon ya iso da furen biki a wuyansa.

"Matar ƙanina, haka aka koya miki a kudu? A shigo gari kamar ɓarawo?"

"Sannu, Yaya. Mutum uku a kulle, ba kowa a gida."

"Taku arba'in ne daga nan zuwa ruwa. Bara ɗaya ya tura kekensa har kan gadar jiragen ruwa, da ƙyar aka cim masa. Rufewa kariya ce. Uwarki ma haka ta yi."

"Na sani," in ji ta. Ta zuba sakatun a jaka.

An yi zaman sauraron rahotonta a birnin Cairns ranar 6 ga Nuwamba. Mai shugabantar zaman ta tambaye ta wa ya ba da umarnin sa sakatun. Merab ta ce shugaban kwamiti ne. Aka ce mata kundin zaman yana bukatar suna, daga bakinta. Ta nemi a bari ta nuna shi a rubuce, aka ce ƙa'ida ba ta yarda ba. In babu suna a baki, maganar sakata za ta faɗi, a koma gargaɗi na uku. Simeon yana zaune a layi na biyu da iyalinsa. Ta faɗi sunansa cikakke, bayan shekara ashirin da tara ba ta taɓa furta shi ba. Iyalan Dau suka tashi suka fita.

An rufe gidan wata goma sha huɗu. A tsawon lokacin iyaye ba su da inda za su kai 'ya'yansu sai Cairns, kuma yawancinsu ba su kai ba. Mahaifiyar Lila ta tare ta a kantin Waiben ta ce, "Kin yi karatu, sannu. Ɗan barcin da nake samu sau ɗaya a wata kin ɗauke. Zo ki goya ta ke." A Janairu 2014 aka sake buɗe gidan da shinge ta ɓangaren teku, ƙararrawa a kowace ƙofa, da sharaɗin ma'aikata biyu su zauna ko da ranar biki ce. Ba a gayyace ta buɗewar ba.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2018, ta zauna ita kaɗai a wani ƙaramin gida a bayan asibitin Waiben. Ɗanta ya bi ɓangaren baffanninsa, ba ya kiranta sai ranar Kirsimeti. 'Ya'yanta mata suna kudu. Ba ta sake taka Nurai ba. A coci takan zauna a kujerar ƙarshe, ta fita kafin shayi. A 2021, da likita ya gaya mata halin da zuciyarta ke ciki, ta rubuta takarda ta ba Fada, limamin cocinsu, cewa ma'aikatan ƙaramar hukuma su binne ta a maƙabartar Waiben, kada a wahalar da kowa.

Rasuwa da jana'iza

Merab Dau ta rasu a asibitin Waiben ranar Alhamis, 9 ga Maris 2023, tana da shekara sittin da huɗu. Ta bar 'ya'ya uku: Norah, malamar makaranta a Townsville, Gideon, masunci a Nurai, da Salome, ma'aikaciyar jinya a Darwin, sai jikoki bakwai. An binne ta ranar 18 ga wata a Nurai, kusa da ƙaninta, ba a inda ta rubuta ba. Mutum ashirin da shida ne suka halarta.

Yadda aka yi kuwa, gawar ta yi kwana biyu a ɗakin ajiya ba wanda ya zo daga tsibiri. A rana ta uku, ma'aikatan hukuma biyu suna tsaye da Norah, sai ga Simeon, mai shekara tamanin da ɗaya, yana dogara sanda, matan gidansa biyu a bayansa da farin yadi da man kwakwa.

"Baba, ta bar takarda," in ji Norah.

Ya karanta, ya ninke, ya mayar mata. "Uwarki da takarda," ya ce. Ya dubi ma'aikatan. "Ku je ku sha shayi, wannan ba aikin gwamnati ba ne."

Matan suka shiga. Ya jawo ƙofar da kansa ya rufe, ya tsaya a gabanta.

"Ita ta faɗi sunana," ya ce. "Ni shekara arba'in ban faɗi nata ba, kuma ba yau zan fara ba. Matar ƙanina ce. Mu za mu kai ta gida."