Za Mu Ɗan Gyara Hoton

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da mahaifiyata ta tsaya gaban hotona ta kasa gane ni.

Ina karatu a unguwar Harobanda lokacin. Wani kamfanin madara ya ɗauke mu hoton talla, ni da wani ɗan ajinmu. Mu biyun baƙaƙe ne wuluk, har ma ya ɗan fi ni. Da aka gama, mai ɗaukar hoton ya ce, "Madmazal, za mu ɗan gyara shi." Ni sakara na ce to, a zatona ɗankwalina ne da ya karkace.

Ranar da na ji an kafa allon tallan a bakin titi, Inna ta zo daga Damagaram, tana gidan yayata a Talladjé. Don rawar kai ko leƙawa ban fara yi ba, na ɗauko ta a taksi. Muna sauka ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"Yaron kam Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "Wannan Balarabiyar fa, 'yar wa ce? Ina naki hoton?"

Sai a lokacin na ɗaga kai na duba. An mayar da ni fara fat, an tsuke mini hanci, an rage leɓe. Shi kuwa yana nan da baƙinsa, ba a taɓa shi ba. Ɗankwalin ma yana nan a karkace!

Da ƙyar na ce, "Inna, ni ce."

Ta kama hannuna ta juya shi, ko na fara shafe-shafe a ɓoye. Sannan ta ce a hankali, "Fatar nan ta uwata ce. Wa ya gaya musu ta lalace?"

Washegari na je ofishinsu rai a ɓace, na tambayi dalilin da ba a gyara abokina ba. Mai ɗaukar hoton ya yi dariya.

"Shi ai namiji ne, madmazal. Ke kuwa taimakonki muka yi."

Abin da ya fi girgiza ni shi ne da zuciya ɗaya ya faɗa, godiya ma yake jira.

Wata uku allon yana tsaye, ƙawaye na tambayata wane mai nake amfani da shi. Tun daga nan na koyi darasi: duk wanda ya ce zai gyara mini wani abu nawa, sai ya fara nuna mini inda ya lalace.