Takaba da Matakalar Bene

Kwana tara da rasuwar maigidana Alhaji, majo ta zo har gida ta gwada ni. Ita ce babbar ma'aikaciyar likitar unguwarmu a Gazawa, ƙawata ce tun muna ƴammata, kuma ta san ba ni da halin fita. Ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta matsa, ta saki, ta sake matsawa. Sai ta ce tansiyona, wato awon jinina, ya hau ƙwarai, ya kusa inda na Alhaji ya kai ranar da ya faɗi a bakin shagonsa. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce su kaɗai ba za su riƙe ni ba. Ta ce sai na rage gishiri da mai, sai kuma na riƙa tafiya kullum har gumi ya keto mini.

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun da aka fita da gawa. Tafiya zuwa ina? Takabar wata huɗu da kwana goma nake ciki, ko zaure ba zan leƙa ba.

In faɗi gaskiya, ko kafin takaba ba tafiyar nake yi ba. Shekara ashirin ina koyarwa a lakol, daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji a kan babur ake kai ni. Ƴan kabu-kabun bakin kasuwa in sun hango ni sai kowa ya duƙa yana taɓa tayarsa, wai iska ta ragu. Ban taɓa jin haushi ba, ina ma alfahari da jikina, don a garinmu mace mai jiki shaida ce gidan mijinta da daɗi. Amma ranar, bayan majo ta tafi, na dubi ƴaƴana uku suna cin tuwo a kwano ɗaya, ƙaramar ko wanke kanta ba ta iya ba, tsoro ya kama ni. Sun rasa uba da rana tsaka, ba sallama. In ni ma na faɗi, raba su za a yi gida-gida kamar kayan gado.

Mai tsaron takabata ita ce yayar Alhaji, wadda duk muke kira Yaya. Daga wani ƙauye kusa da Tibiri ta zo da ƙullin kayanta, ta ce ba ta komawa sai ta ga fitata. Tsohuwa ce siririya, gwiwoyinta sun gaji, amma idonta da kunnenta ras suke. Tun ranar farko ta karanta mini doka. Ba kwalli, ba turare, ba madubi, ba ɗaga murya. Ta ba ni ƴar sanda ta ce kada ta bar hannuna ko bayan gida zan shiga. Wasu dokokin na san ba addini ne ya kawo su ba, ni da na yi karatu, amma waye zai tsaya gardama da matar da ta goyi mamacin a bayanta?

Washegarin zuwan majo na gwada zagaya tsakar gida. Ban cika zagaye biyu ba ta ɗago kai daga tsintar wake.

"Ke, mi kika bi haka? Mai takaba ba ta sauri. Zamna."

Na ɗauki tsintsiya, wata maƙwabciya ta karɓe. Na nufi turmi, aka riga ni. Duk wanda ya zo gaisuwa kuma da kwanonsa yake zuwa, tuwo da man shanu na yawo a kan miya, fura mai kauri, ƙosai, kuma sai an zauna an sa mini ido an ga na ci, don ƙin ci wulaƙanci ne. Mutanen kirki ne, da ƙauna suke yi, ni kuwa ina taunawa ina jin kamar kabarina ake haƙa mini da cokali. Na zauna a tabarma ɗaya kwana da kwanaki, ƙafafuna suka kumbura, ƙeyata na sara tun daga hantsi har la'asar.

Akwai matakala a kusurwar gidanmu. Alhaji ya yi niyyar bene, ya zuba dal, wato rufin kankare, a kan ɗakuna, ya gina matakala goma sha bakwai, sai aikin ya tsaya nan. A sama ba komai sai ƙarafuna a tsaye da ɗan bango iya ƙugu. Shekara shida ina gidan da ita ban taɓa hawa ba.

Yaya ce da kanta ta buɗe mini hanya ba ta sani ba. Kullum da safe takan watsa tsabar gero a gindin bango, ta ce tsuntsaye su ci, ladan ya isa ga ƙanenta. Kullum kuma kaji da akuyar gidan ke riga kurciyoyi, tana korarsu tana tsaki. Sai na kwantar da murya na ce ai da a kan dal ake zubawa, inda akuya ba ta kaiwa, da sadakar ta isa ga masu ita. Ta dubi matakalar, ta dubi gwiwoyinta. Na ce ni mijina ne, ni ya fi kamata in kai. Ta daɗe tana juya maganar, amma ba ta sami bakin hana sadaka ba.

Ran farko a mataki na shida na tsaya, zuciyata na bugawa har cikin kunne. A na sha ɗaya na zauna. Da na kai sama rigata ta jiƙe sharkaf, ga kuka ya zo mini ba shiri, ban san ko na Alhaji ne ko na gajiya ba. Na watsa geron na sauko ina dafa bango.

Ranar ce kuma na gane amfanin sandar takaba. Hannu ɗaya na riƙe da ita, ɗayan ne kawai ya rage, ƙwaryar geron kuwa ba ta ɗaukuwa da hannu guda a kan matakala marar madafi. Haka na faɗa wa Yaya da fuskar salihai. Saboda haka tafi guda nake ɗiba, in hau, in watsa, in sauko, in sake ɗiba. Ƙwarya ɗaya sai ta ci mini sawu biyar, daga baya takwas, don tafina kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi. Yaya na zaune a ƙasa da carbi tana sa mini albarka, ni ina haki ina amsa amin.

A sama ba na miƙewa tsaye, don kada maza su hango mai takaba daga titi a ce ta fara tallar kanta. A duƙe nake zuwa bakin bango in leƙa. Damina ta zauna a lokacin. Ina ganin gonaki sun yi kore har inda ido ya tsaya, ga motocin garin Agiye suna wucewa an labta musu kaya har sun karkace, ga matan ƙauye a jere da ƙwaryar nono a ka suna tafiyarsu, ba mai ce musu zamna. Da can tausayinsu nake ji in na wuce su a kan babur. Yanzu sai na ji ƙyashinsu har cikin raina.

Wata biyu ina haka. Kumburin ƙafa ya sace, sarar ƙeya ta lafa, zanena ya fara zagaye ni da saura. Na kai ina hawa goma sha bakwai ɗin nan ban tsaya ko sau ɗaya ba. Majo ta zo ta gwada, ta dube ni, na nuna mata matakalar da ido, ta danne dariya ta ce in ci gaba da sadaka. Masu zuwa gaisuwa kuwa cewa suke Allah sarki, dubi yadda Madam ta rame, ashe haka take son mijinta. Yaya na jin daɗin wannan magana ƙwarai. Ni kunya take ba ni, don na san ba baƙin ciki ne ya ci naman ba, amma ban taɓa gyara musu ba.

Abin da ban lissafa ba, ni ƴar lakol da ban taɓa riƙe hauya ba, shi ne gero ya fara fid da kai. Da farko kurciyoyi da tattabaru kaɗai ke zuwa. Sai buwa ta gano gidan, ƴan ƙananan tsuntsayen nan masu zuwa garke guda. Su ci na kan dal, su zarce gonar da ke bayan katangarmu. Mai gonar dattijo ne, kakanninsa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, mutum mai kunya da kawaici. Ya yi haƙuri har ya gaji, sannan ya yi sallama a zaure, Yaya ta fita. Ina jin muryarsa daga ciki yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Ya ce ya san sadaka ce, Allah ya karɓa, amma geron nan shi ne abincin gidansa na shekara, kuma kunyoyin da ke jikin katanga sun zama zangarniya zalla, ba tsaba.

Gaskiya gare shi, shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Yaya ta dawo fuska a murtuke, ta ce gidansu manoma ne kaka da kakanni, ba a taɓa kawo ƙararsu a kan ɓarnar gona ba sai yau. Daga ranar tsaba masallaci za a riƙa kaiwa. Ta sa aka kwantar da tsohon turmi da katakai a bakin matakala. Na ce to in riƙa hawa haka nan in sha iska. Ta ce mace mai takaba, hannu banza, a kan soro, me za ta ce wa mutane?

Na koma tabarmata. Kwana goma sha biyu na yi a zaune ina kallon turmin nan. Sarar ƙeya ta dawo, kunnena ya fara ƙugi. Wata safiya kofin shayi ya sulluɓe daga hannuna na hagu, na tsaya ina duban yatsun ina motsa su ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila santsi ne kawai, amma ban gaya wa kowa ba. Na ji haushin Yaya, na ji haushin dattijo da buwarsa, na ji haushin Alhaji da ya tafi ya bar ni a ɗaure. In ƙaramar ƴata ta zo ta kwanta a cinyata sai in riƙa koya mata kitso da gaggawa, tana tambayata saurin me nake yi.

Ran wata Juma'a da hantsi Yaya ta ce mu buɗe akwatin Alhaji, mu ware kayan sawar da dangi suka yarda a bayar sadaka. Muna ninke riguna, sai ta zaro wata leda daga ƙasa. Takalman gudu ne farare, irin na ƴan ƙwallo, ƙasansu ko goguwa bai yi ba. Ta ɗaga su tana tambayar na wane ne.

Na so in ce ban sani ba, bakina ya ƙi. Na gaya mata shekara guda kafin ya rasu likita ta ce masa ya riƙa tafiya, ya sayo su a kasuwar ƙetaren iyaka, ya riƙa fita bayan sallar asuba yana bin titi. Kwana huɗu ya yi. A na huɗun na tsaya a ƙofar ɗaki na yi masa dariya har da riƙe ciki, na ce Alhaji guda da tumbinsa yana yawo a titi kamar wanda aka kora daga gida, me ƙawayena za su ce, babur ɗin ya sayar ne? Shi ma ya yi dariya, don ba mai faɗa ba ne. Bai sake sa su ba. Ina faɗa muryata na hawa, na manta da doka, na ce ni na zaunar da shi har ya faɗi, yanzu kuma ita tana zaunar da ni, sai ta shirya wanda zai ɗauki yaran nan.

Na jira ta zage ni. Ta ajiye takalman a cinyarta tana shafa igiyar.

"Ya kira ni a salula lokacin," in ji ta. "Ya ce mani an ce ya riƙa tahiya. Ni ce mashi gidanmu ba a san dattijo da yawon banza ba, kar shi ba mu kunya."

Ba ta yi kuka ba, ni ma nawa ya tsaya. Kaji na ta tono a gefenmu. Can ta yunƙura ta tashi, ta je ta kama turmin nan da kanta, tsohuwar da ko tulu ba ta ɗagawa, tana mirgina shi da gwiwa. Na tashi in taya ta, ta ce in bar shi, in sa takalman. Sun yi mini yawa, ta yago tsumma ta cusa a bakinsu. Ta karɓe sandar daga hannuna, ta jawo kujera ta zauna a bakin zaure inda duk mai shigowa sai ya yi karo da ita.

"Hau. Kar ki kai sama a gane ki, ki tsaya na ƙarshe ki juyo. Zaman makoki guda ni yi a gidan ga, ba ni yin na biyu."

Saura kwana talatin da ɗaya in fita takaba. Na hau hannu banza, takalman Alhaji na faf-faf a ƙafata, hawaye da gumi na haɗuwa a haɓata, ita tana ƙirga mini sawu da carbinta. Da numfashi ya ƙare mini na tsaya a ƙasa na dafa bango, ta ce bakwai ke nan, saura uku. Na san sarai na tara ne. Ban yi mata gardama ba, na juya na sake hawa.