Faifan Inna Rekiya

Da an idar da sallar asuba a unguwar Al-Jaradiya da ke Riyad, Inna Rekiya takan ɗaure ƙullin kayan yajinta, ta zura abaya, ta soke faifanta a hammata, ta fito bakin titi neman mota. Gidan mai jego ta nufa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, duk matar da ta haihu cikin 'yan Najeriyar Riyad, Inna ake kira.

Yaranmu da aka haifa a nan ba su ma san sunan abin da ke hammatarta ba. Amir, ɗan Hajiya Muhibba matar likita, ya taɓa miƙo mata shi yana cewa, "Inna, ga siniyyarki," wato tire da Larabci. Ta harare shi ta ce, "Siniyya a gidanku! Faifai ne, ja'iri. Ce faifai."

To, saboda irin su Amir, bari a faɗa. Faifai saƙar kaba ce, zagayayye, shimfiɗaɗɗe, mara nauyi. A hannun Inna kuwa shi ne teburin aiki. Ba ta tsayuwa a kicin ɗin kowa. Kusa da gadon mai jego take zama, ta miƙe ƙafa, ta ɗora shi a cinya. A kansa take tsince gero, ta bakace shi dusa ta fita. A kansa take baza citta da kimba da masoro na yajin jego, ta mulmula fura, in ta dama kunun kanwa ta kife shi a bakin kwano. An sha ba ta tiren ƙarfe, takan ce santsi gare shi, ba ya riƙe tsaba. Amma ainihin dalilin, aikin da ake yi a cinya ba ya raba ta da mai jego: hannu na tsinta, ido na kan uwa da jariri.

Wannan zaman ne ya ceci Hajiya Muhibba. A haihuwar Amir, kowa na falo ana ta barka, Inna ce kaɗai a ɗaki ta ga leɓen Hajiya ya yi fari, zanin gado yana jiƙewa. Ta yi jifa da gero, ta fito ba ko mayafi tana ƙwala wa maigidan kira. Hajiya da bakinta ta sha ba da labarin nan a taro. Matan direbobi da na leburori kuwa, waɗanda ba uwa ba ƙanwa a kusa, su za su faɗi yadda take kwana arba'in tana zarya gidajensu, ba ta taɓa tambayar me za a ba ta ba.

Inna, ke ce uwar marasa uwa a garin nan. Ke kika gasa mu, kika tashe mu tsaye. Kuma wallahi ba mu kyauta miki ba.

A farkon shekarar nan ta 2017 kafilinta, tsohon Balaraben da iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, ke hannunsa, ya rasu. Magada suka ce ta nemi wanda zai karɓi kafalarta ya tsaya mata, in ba haka ba sai fita ta dindindin. Mutum ɗaya ake nema ya ce, "Ta dawo ƙarƙashina." A gida Najeriya ba ta da kowa: miji ya rasu, ba ta haihu ba, 'yan'uwan da ta bari a Giwa duk ƙasa ta rufe musu ido. Ta bi gidajen da ta yi wa jego ɗaya bayan ɗaya, tana jin nauyin buɗe baki. Wannan ya ce dokar ta yi tsauri. Wancan ya ce sai ya yi shawara. Saura suka yi kunnen uwar shegu.

Sai ga shi an haɗa mata walimar bankwana! Kai, mutane. Ita ta yi tuwon, ita ta yi miyar. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna. Can Hajiya Muhibba ta rungume ta ta ce, "Inna, don Allah ki bar mana faifan nan. Zan rataye shi a bangon falo, mu riƙa tunawa da ke."

Inna ta dube ta. Sannan ta ce, "Hajiya, faifan ya samu wurin zama a gidanki ke nan. Mai shi fa?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. Wata ta yi maza ta ce a zo a ci abinci kada ya huce.

Washegari Inna ta tafi gidan Bilƙisu, wata ma'aikaciyar jinya mai tsohon ciki, wadda haihuwarta sai bayan wata biyu. Ta zauna ta ɗora faifai a cinya, ta haɗa mata yajin jego tun yanzu, ta ɗura a kwalba. Bilƙisu na kuka tana cewa, "Inna, wa zai zauna da ni?" Ta ce, "Share hawayenki, 'yar nan. Ki toshe bakin kwalbar da kyau, kada ya sha iska."

Mun gode, Inna Rekiya. Allah ya saka miki da abin da muka kasa. Ku kuma da kuka ci tuwon walima, ku yi koyi da ita ko sau ɗaya: ba ta taɓa cewa sai ta yi shawara ba kafin ta shigo gidajenku. Har yanzu ƙofa ba ta rufe ba, mutum ɗaya ya isa. In kuka ci gaba da shiru, Laraba mai zuwa jirgi zai ɗauke ta daga Filin Sarki Khalid, ya sauke ta a ƙasar da ba mai zuwa taryenta.